Ragowar Cukun Teburin Taga

"Ba zan kai ba," in ji Seraina, ta ajiye faranti a kan teburin kicin.

Caduff, mai gidan abincin, bai ko ɗago kai ba. Ya ci gaba da kankare ragowar narkakken cuku daga tukunyar da ta dawo daga teburin bakin taga, yana juye shi cikin sabuwa. Tsakar rana ce, masu zamiya a ƙanƙara sun sauko daga dutse da yunwa, kowane tebur ya cika. A garinsu tukunya ɗaya ake ɗora wa mutane, kowa ya soki burodi da dogon cokali mai yatsu ya tsoma. Ita ta yi hidimar wancan teburin. Ta ga wani mutum da mura ta kama yana lasar cokalinsa yana mayarwa, yana tari a kan tukunyar. Har yanzu ga guntun burodin da ya gatsa yana yawo a ciki.

Caduff ya tsame guntun da yatsa ya yar, ya ce wuta tana kashe komai, kuma haka ake yi tun zamanin mahaifinsa. Ta ce masa teburin da ke jira mata da miji ne da 'yarsu ƙarama.

"To, malama 'yar jami'a," ya ce yana murmushi, "ilimin naki ne zai ba ki wurin kwana?"

Ya san inda ya taɓa. Ɗakin da take kwana a saman kicin nasa ne, kuma da wannan aikin take riƙe karatunta. Duk lokacin sanyin nan ta jure. Ta goge aman mashaya a matakala, ta haɗiye zagi, ta tsaya har ƙafafunta suka kumbura, ba ta taɓa kai ƙara ba. Wannan kam ya fi ƙarfin cikinta.

Da ya ga ba ta motsa ba, ya ɗauki tukunyar da kansa. Ta riga shi fita. Ta tsaya gaban iyalin, ta gaya musu a hankali daga inda rabin cukun ya fito. Matar ta dubi tukunyar da ke tahowa tana tururi, ta janye cokalin daga hannun 'yarta. Mutanen teburin da ke kusa ma suka daina tauna.

Caduff bai yi faɗa a gaban baƙi ba. A kicin ya miƙa hannu, ta zare makullin ɗakin ta ba shi. Masu gidajen abincin garin duk sun san juna, kafin ta gama haɗa kaya labari ya zaga.

Ta ja akwatinta cikin dusar ƙanƙara zuwa tashar jirgin ƙasa, kanta a miƙe. Ta rasa aiki, ta rasa ɗaki, kuma bana ba za ta koma jami'a ba.