Hatimin Kogon Tunkiya

Littafin Vida gida goma sha biyu gare shi, sha ɗaya duk sun cika. Kowane yaro a ƙungiyar hawan dutse ta garinsu yana da irinsa: kowane gida da sunan wuri, a kowane wurin kuma akwai akwatin ƙarfe da hatimi a ciki. Wanda ƙafarsa ta kai shi, shi ke bugawa. Wanda ya cika littafinsa kafin sanyi ya shigo, sai a maƙala masa lamba a ƙirji gaban jama'a. Gida ɗaya ya rage wa Vida, Kogon Tunkiya, can saman magangarar ruwa, bayan tafkin Bohinj.

Ranar Asabar uwarta Polona ta ɗauke ta suka kama hanya. Suka zaga bakin tafki, suka hau matakala har gindin magangara, inda feshin ruwa ke jiƙa mutum tun bai ƙarasa ba. Daga nan hanyar ta tsuke, ta bi jikin dutse, sai igiyar ƙarfe da ake dafawa. An kwana biyu ana ruwa. Polona ta shafa dutsen, ta ji shi kamar sabulu. Ta leƙa ƙasa. Ta dubi hannun 'yarta na hagu, wanda bai fi wata biyu da kwance masa ɗauri ba.

"Mami, zan iya fa."

"Na sani. Zauna kan bencin nan ki ci tuffarki. Daga sama ina hango ki. Kawo littafin."

Ita kaɗai ta hau. A bakin kogon ta buɗe akwatin, ta hura wa hatimin iska, ta danna shi a gida na sha biyu. Ya fito raɗau. Sannan ta jawo babban littafin da ke zama cikin akwatin, wanda duk mai wucewa ke sa suna. Tun ba ta iya ɗaura takalmi ba mahaifinta ya koya mata: suna, mutum nawa, ina aka nufa, don idan wani ya ɓata, shi masu ceto ke fara dubawa. Hankalinta na kan benci, hannunta ya yi aikinsa. Polona Arh, mutum ɗaya, zan koma ƙasa.

Da ta sauko, Vida ta daɗe tana kallon hatimin.

"Amma ai ban hau ba."

"Kin zo har gindinsa. Taku nawa ya rage? Ba sai kin yi ta faɗa wa mutane ba."

Yarinyar ta rufe littafin. Har suka kai mota ba ta sake tambayar sunan ko tsuntsu ɗaya ba, ita da bakinta ba ya hutawa a hanya.

Lahadin mako na gaba suka je cin abincin rana gidan mahaifin Polona. Lojze ya shekara arba'in yana shafa alamar hanya a duwatsun nan, jan zobe da fari a tsakiya, har jan fenti ya zauna masa a ƙarƙashin farce. An zuba romon naman sa da siririyar taliya, ga dankali soyayye da albasa yana jira a kasko.

"Ke, 'yar akuya," ya ce da jikarsa, "an ce kin cika littafi. Kawo in gani, ko da dankali kika sassaƙa hatimin."

"Dedi," haka take kiran kakan nata, "ai kai ma ba ka gani sai da gilashi."

"Ji min bakin yarinya! Kawo dai."

Ta miƙa masa. Ya buɗe a hankali, yana bin gidajen da yatsa, har ya kai na ƙarshe.

"To ya kika ga cikin kogon?"

Vida ta sunkuyar da kai cikin kwano. "Da duhu."

"Kogo dai ai ba a san shi da fitila ba. Tunkiyar fa? Dutsen nan mai kama da tunkiya, kin gan shi?"

"Na gani."

"Ta dama ko ta hagu?"

Yarinyar ta saci kallon uwarta. Kallo ɗaya ne, ɗan gajere, na mai neman a cece ta.

"Ta dama," in ji Vida. Kunnuwanta sun yi jawur.

"To," in ji tsohon. Ya rufe littafin ya ajiye gefen faranti.

Polona na kallon 'yarta tana juya taliya ba ta kaiwa baki. Yarinyar nan ce fa da ko biskit ta ɗauka ba izini sai ta zo da kanta ta kai ƙarar kanta. Ga ta yau tana shirga wa kakanta ƙarya a kan teburinsa, kuma ba a makaranta ta koyo ba, ba wajen ƙawaye ba.

Lojze ya gutsuri burodi. Bai dubi kowa ba ya ce, "Laraba na hau can na sabunta fenti. Na leƙa littafin akwati. Rubutunki bai canja ba, Polona, har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Mutum ɗaya."

Da ƙasa za ta tsage, da Polona ta shige. Zafi ya taso mata daga wuya har goshi.

"Ata, ni ce," ta ce da mahaifinta, muryarta ƙasa ƙasa. "Vida, ɗago kanki, ba ke ba ce. Ni na buga, ni na ce ta yi shiru. Dutsen santsi gare shi, Ata, ga hannunta..."

"Wa ya ce ki hau da ita? Da kin hau da ita ranar nan, da ni da ke ne. Ni sau uku ina juyowa daga gindin igiyar nan. Ɗaya ma kina goye a bayana kina tsala ihu, har yau kunnen nan bai dawo daidai ba. Ba wanda ya ce da ni komai. Sai dai ban buga hatimi ba."

Vida ta fashe da kuka. "Na riga na ce wa shugabar ƙungiyarmu na hau. Na ce wa ƙawata Tinkara ma. Dedi, kora ta za su yi?"

"Ba mai korar ki," in ji Polona. Ta jawo jakarta ta lalubo biro. Ta ja layi biyu a kan hatimin, ta rubuta a gefe da ƙananan baƙi: uwarta ce ta buga, ba ta hau ba. Ta sa hannu.

Ranar Litinin ta je ɗakin ƙungiya da kanta. Ta so ta tarar da shugabar ita kaɗai, sai ta tarar da iyaye huɗu suna jiran a duba littattafan 'ya'yansu. A gabansu ta faɗa. Wata ta shiga gyara igiyar jakarta da ba abin da ya same ta. Da aka raba lambobi a ƙarshen wata, Vida na kujerar baya tana tafa wa Tinkara, Polona na gefenta ta rasa inda za ta sa idonta.

Sai bayan nan rana ta fito kwana biyar a jere, dutse ya bushe. Su uku suka koma. Lojze ya ɗaura wa jikarsa igiya a ƙugu ya shige gaba, Polona na baya. Duk takun da yarinyar ta yi, "a hankali" na zuwa mata bakin leɓe, tana haɗiyewa. Kafin su kai, ta cije leɓenta har ya fashe.

Vida ta shige kogon da tocila. Can sai muryarta ta fito tana amsa kuwwa.

"Dedi! Ta hagu take!"

"Ashe? Ko ta yi ƙaura ne?"

Ta fito ta buɗe akwatin, ta hura wa hatimin iska yadda ake yi. Gidan ya riga ya ɓaci da layi biyu, don haka ta buga a ɗan filin da ke ƙasansa, ya fito a karkace. Ta rubuta a babban littafi, tana fitar da harshe: mutum uku.

Polona ta miƙa hannu. "Kawo in sa miki a jaka, kar ya jiƙe."

"Bar shi, Mami. Zan riƙe."

Ta cusa littafin cikin rigarta, ta ja zif har wuya.