Taransifomar Bakin Kwari

Namadi mai walda ne a Gummi, kuma da wutar lantarki yake ci da gidansa. Taransifomar unguwarsu tana zaune a ƙasa, a bakin kwarin da ruwan gari ke bi ya faɗa gulbi. Ɓarayi sun saba da ita: yau a yanke wayar tagulla, gobe a tsiyaye man da ke cikinta.

Da abin ya ishe su, mutanen unguwa suka tura Namadi ofishin wuta. Ya sami Abdulwahabu, jami'in da ke kula da yankin, yana cin gyaɗa a kan tebur.

"Yallaɓai, abu biyu munka zo da shi. Ɓarayi, da ruwa. A ɗaga muna ita bisa, tun damina ba ta kankama ba."

Abdulwahabu ya karkaɗe hannu. "Ɗagawa aikin injiniyoyinmu ne, kada wanda ya taɓa ta. Ku dai ku kewaye ta. Ruwa kuwa na Allah ne, Malam Namadi."

Suka kewaye ta. Maza suka buga bulo, mata suka yi ta jido ruwa a ka, Namadi ya ƙera ƙofar ƙarfe da hannunsa. Sata ta tsaya cak.

Sai ga watan Agusta. Wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya cika ya dawo da baya, kwari ya tumbatsa. Ruwa ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa ya taru cikin katanga. Namadi ya yi ta kiran ofis don a ɗauke wutar unguwar, waya na ta ƙara ba a ɗauka. Yana tsaye, ruwa iya gwiwa, ya ji ƙara ta girgiza unguwa, wani hayaƙi mai wari ya tashi daga taransifomar.

Sai da ƙasa ta bushe Abdulwahabu ya zo. Ya zagaya katangar yana taka tsantsan kada takalminsa ya ɓaci, sannan ya juyo ga jama'a.

"Wa ya ba ku izinin wannan gini? Katangarku ce ta riƙe ruwa. Ku kuka kashe ta."

Namadi ya matso gabansa.

"Mi kac ce? Yallaɓai, dube ni da kyau. Ba ni na zo gabanka ba? Ba kai kac ce mu kewaye ta ba? Da munka ce a ɗaga ta, mi kag gaya muna?"

"Ban tuna ba."

"Ranar ruwa fa, da nika kiranka?"

"Malam, ka yi magana a hankali."

Inna Tabawa, tsohuwar da ke sayar da ƙanƙara a bayan masallaci, ta kutso gaba tana huci. "A hankali? Firjina ya zama akwatin tufafi, ɗakin haihuwa da tocila ake karɓar ɗiya, kai kuma kana nan kana kakkaɓe takalmi! Ka ji tsoron Allah, ɗan nan."

Abdulwahabu ya sa aka kawo mota aka ɗauke taransifomar, wai za a kai ta gyara Gusau. Damina ta wuce, aka girbe gero, aka girbe dawa, ba ta dawo ba. Duk wanda ya je tambaya sai a ce masa ana bincike kan ginin da aka yi ba izini. Ɓarayi kuwa suka bi turakun wuta suna kwance wayoyin da ba wuta a ciki, da rana tsaka.

Namadi bai sake taka ofishin ba. Da ya ji ana neman mai walda a Anka, wurin masu gyaran injinan niƙa dutse, ya ɗaure injinsa a bayan babur. Inna Tabawa ta fito ƙofar gida ta yi masa addu'a. Ya amsa da amin ba tare da ya ɗaga kai ba, don bai so ta ga idonsa.