Kashe Wuta

Hausar Baturen injin wuta na Tambuwal ba ta wuce kalma biyu ba: "Kashe wuta!" Kuma a kan Gidaɗo maigadi ya koye su.

A shekarun nan da arzikin mai ya buɗe ne gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasar Turai: mu mu ba da man gas, su su kawo inji da gwanin da zai koya wa mutanenmu aikinsa. Aka girke wani jibgegen inji a bayan gari, aka jera gangunan mai kusa da shi, aka shiga kafa turaku ana jan waya ta nufi Kebbe. Gidaɗo aka ɗauka gadi. Ƙanensa Sambo, wanda ya rena da hannunsa tun rasuwar uwarsu, shi da abokinsa Na'iya mutumin Kebbe suka zama masu hawan turaku.

To, Gidaɗo mutum ne da ba ya iya zama sai da 'yar wutarsa a gaba. Kullum sai ya haɗa kara ya gasa masara, taku goma daga gangunan mai. Kullum kuma sai Bature ya fito fuska ja wur yana ihu, "Kashe wuta!" Gidaɗo ya watsa ƙasa, Bature ya ba da baya, Gidaɗo ya sake hurawa. Na'iya ma, da ba ya wuce masarar nan bai sure ɗaya ba, har kwaikwayon Baturen yake yi. Sai ya toshe hanci ya ce, "Baba Gidaɗo, kashe wuta, amma bar min masara!"

Ran wata Laraba da safe Sambo ya tsaya gaida wansa. Ya ce, "Yaya, yau za mu haɗa sabuwar waya da tsohuwa, can bayan Jabo. Da an yi azahar mu hau."

Na'iya ya ce, "A aje min tawa sai na dawo."

Duk ranar irin wannan aiki, Na'Allah mai kula da inji ne ke tsayar da shi kafin a hau. Ran nan kuwa tun asuba ya tafi Sanyinna ta'aziyya. Gidaɗo ya ga tafiyarsa, amma bai kawo komai a ransa ba, ai ba aikinsa ba ne.

Da hantsi Bature ya fito a gaggauce ya faɗa motarsa jif, zai bi su Sambo Jabo. Ya leƙo ta taga, ya nuna wajen ɗakin inji, inda wutar Gidaɗo take ci abinta a bakin ƙofa, ya ce, "Gidaɗo! Kashe wuta!" Ya buga agogonsa da yatsa, ya nuna tsakiyar sama.

Gidaɗo ya ce a ransa, "Kai, yau har da rantsuwa da Allah mutumin ga ka yi?" Ya ɗaga hannu ya ce, "To, to, an gama!" Wannan karon har ruwan buta ya kwara wa garwashin. Ya cire masarar Na'iya ya sa a aljihu, ya koma inuwa yana jin daɗin ya yi biyayya. Inji na ta ruri a bayansa kamar kullum.

Gyangyaɗi yake yi sa'ad da ladan ya fara kiran azahar. Muryar ta zo tar-tar daga cikin gari, ta lasifikar nan da aka sa wa masallaci bayan zuwan wuta. Gidaɗo ya jawo buta. Sai hannunsa ya tsaya.

Lasifika tana aiki. Wato akwai wuta a waya. Sai maganar Sambo ta faɗo masa: Da an yi azahar mu hau.

Innalillahi! Ashe ba rantsuwa Bature ya yi ba, cewa ya yi in rana ta take tsaka a kashe. Ashe ba wutar masara ba. Gidaɗo ya saki buta ya miƙe zumbur. Tsoro irin wannan bai taɓa jin sa ba, ko ranar da kura ta tare shi a hanyar Kebbe.

Ɗakin injin nan sau ɗaya ya taɓa shiga, ranar da Bature ya nuna masa wani jan mariƙi ya kwatanta yadda ake jansa. Tun ranar ya rantse ba shi ba wannan ɗaki, don an ce abin da ke ciki ba ya kama mutum ya sake shi. Yanzu ga shi a ciki, ƙara ta toshe masa kunne, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarsa. Ya naɗe hannu da bakin rigarsa, ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya rataya a mariƙin da duk nauyinsa.

Inji ya yi tari ya mutu. Can cikin gari muryar ladan ta yanke a tsakar kalma.

Sai jira. Jabo ba nan kusa ba ce, ba shi da ko keke, babu kuma babur ɗin da ya gifta. Ya yi salla bai san raka'a nawa ya yi ba. Ya zauna, ya tashi, ya fita bakin hanya, ya dawo. Yana ta lissafi kamar mahaukaci: ladan bai gama kira ba na kashe, sai sun yi alwala, sai sun yi salla. To in limamin Jabo ya riga namu fa? Abu ɗaya bakinsa ke maimaitawa: "Ya Allah, kada Sambo. Kowa ne, kada dai Sambo."

Bayan la'asar jif ta ɓullo. A hankali take tafe, ita da kullum sai ta tashi kajin mutane. Ta tsaya, ƙofa ta buɗe, Sambo ya sauko da ƙafafunsa.

Gidaɗo ya ruga ya rungume shi yana kuka. "Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Allah ya ji ni!" Da ƙarfi ya faɗa, kowa ya ji.

Sambo bai rungume shi ba. Bature na zaune a bayan sitiyari, ya kifa goshi a kai.

Sambo ya ce, "Yaya, yaushe ka kashe?"

"Ana kiran salla."

"Bature ya nuna mana agogo, wai tun sha biyu an kashe, mu rage aiki kafin azahar. Ni alwala nika yi. Ya ce in ƙarasa, shi bari shi fara hawa."

"Wa?"

Sambo ya juya ya dubi bayan jif. An lulluɓe mutum da tamfol, ƙafafunsa sun leƙo cikin dogayen takalman roba irin na masu hawan turaku.

Gidaɗo ya sa hannu a aljihu don ya ciro tasbaha, sai ya ji masarar Na'iya, ta huce.