Zanen da Ba a Ƙona Ba

Kwana tara da sallamar Inna daga cibiyar annoba, zazzaɓi ya dawo mata. Karon farko kwana biyu ta yi a tantin waɗanda ake zargi da cutar, aka gwada jininta aka ce na sauro ne, aka ba ta takardar shaida. Kafin ta fito suka ƙone duk abin da ta shiga da shi, har silifas. Haka dokarsu take.

Da safe na same ta tana karkarwa, 'yata mai wata goma tana barci a gefenta, lulluɓe da wani shuɗin zane. Na san zanen. Shi ne na ƙarshe da Baba ya saya mata kafin ya rasu, kuma da shi ta shiga tantin.

"Inna, ba an ƙone wannan ba?"

"Na ɗaura shi a ciki, ƙarƙashin rigar da suka ba ni. Gardawan banza, wa zai laluba tsohuwa?"

"Kin ba wani ya taɓa?"

Ta juya fuska bango. "Matar gadon kusa da ni sanyi take ji, haƙoranta na kaɗawa. Ma'aikatan sai bayan awa huɗu suke shigowa. Na rufa mata. Da ta yi amai na goge mata baki."

"Ina matar?"

"Sun mayar da ita jan tanti, na masu cutar." Ta ja numfashi. "Ai na wanke shi da sabulu."

Tunda matata ta koma aiki, da wannan zanen Inna take goya yarinyar kullum.

Na ƙulle zanen a leda, na ɗauki yarinyar, muka shiga mota. A ƙofar cibiyar akwai layi, da bokitin ruwan magani, da igiya da aka ja don kada a matsa kusa. Nas ɗin da ke awon zafi ta gane Inna ta cikin gilashin fuskarta.

"A'a, Kaka, kewarmu kika yi? Ko abincinmu ne ya yi miki daɗi?"

"Abincinku ko akuya ba ta ci," in ji Inna, ta miƙa takardarta. "Ga shi, ku kuka rubuta lafiyata ƙalau."

Nas ta auna goshinta, wasan ya bar muryarta. "Wancan gwajin na ranar ne. Kin taɓa wani a ciki?"

"Ban taɓa kowa ba."

Na san abin da take karewa. In na yi shiru, zan koma gida da 'yata. In na faɗa, za su auna ta, kuma tun a mota nake jin ɗumin jikinta a ƙirjina ina ce wa kaina haƙori ne. In haƙorin ne, na kai ta da hannuna tantin da Inna ta kwaso cutar. In ba shi ba ne, kowace rana a gida asara ce, ga uwarta da ke ba ta nono.

Na ɗaga ledar da na ƙulle zanen a ciki, na faɗi komai.

Nas ta sa aka karɓi ledar da dogon ƙarfe. Ta nuna na'urar a goshin yarinyar, ta duba, ta sake aunawa.

"Gado biyu," ta ce wa na bayanta. Ta juyo gare ni. "Akwai wata da ta warke daga cutar, ita ke rainon yara. Kai ka tsaya bayan igiya, ka kira uwarta."

Mai rainon ta karɓe ta daga hannuna. Yarinyar ta tsala ihu tana miƙa hannu wajen kakarta. Inna ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta kai hannayenta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"'Yar nan," ta ce wa nas, "ki sa ni can ƙarshen tanti, inda kukanta ba zai iso ni ba. Na san halin hannuna."