Goma Cikin Goma

Malama ta murɗa makulli, ta ɗaga murfin akwatin ƙarfen, ta fara zare wayoyin caji ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutocin hannu arba'in da biyu ne jere a ciki, kowace da lambarta a baya da farin fenti. 'Yan aji huɗu ba sa ce musu kwamfuta, allo suke cewa. Tuni sun yi layi suna turereniya.

"Lamba ɗaya. Biyu. Uku, riƙe da hannu biyu, ba ƙwallo ba ce."

"Malama, nawa ba caji!" wata ta ɗaga murya daga baya.

"Kanki ne ba caji," in ji ta kusa da ita. "A kife kika riƙe shi."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta jira dariyar ta wuce kamar yadda ake jiran mota ta wuce kafin a tsallaka titi. Ta miƙa goma sha biyar, ta miƙa goma sha shida. Da ta zo goma sha bakwai sai ta ja aljihun tebur ta zura shi ciki, ta kira goma sha takwas. Yaran sun saba.

Allo na goma sha bakwai na Auta ne, 'yar ƙaramar yarinyar da ke zama a bencin gaba, mai bakin da ba ya hutawa. Mako uku ke nan da zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Malama ta je gidansu, ta zauna cikin mata, ta faɗi abin da ake faɗa, ta dawo. Ko ɗigon hawaye bai zo mata ba. Tun daga ranar take jin kanta kamar leɓen da likitan haƙori ya yi wa allura: ta san ana taɓa shi, amma ba ta jin taɓawar.

Ita kuwa manhajar da ke cikin allunan ba ta san mutuwa ba. An tsara ta ne don kada a bar kowane yaro a baya, saboda haka darasin gobe ba ya buɗewa sai duk sunan da ke cikin rajista ya kammala aikin yau. Ranar farko bayan rasuwar, yara arba'in da ɗaya suka zauna suna kallon hoton kwaɗon kulle ƙofa a gilashi, ƙarƙashinsa an rubuta ana jiran ɗaliba ɗaya. Cire suna kuma sai da takardar shaidar rasuwa, a kai ofishin kamfanin da ya kawo allunan. Wa zai iya tunkarar iyaye da wannan magana ana cikin zaman makoki? Hedimasta ya ce, "Malama, ki san dabarar da za ki yi kafin a natsa."

Dabarar ke nan. Kullum lokacin hutun tara, idan yara sun fita, sai ta ciro allon daga aljihun tebur, ta amsa tambayoyi goma na lissafi da sunan Auta. Minti biyu sun ishe ta. Kwaɗon ya ɓace, darasi ya buɗe.

Tana rufe akwatin Hedimasta ya leƙo ta ƙofa. "Malama, in kin ba su aiki ina son ganinki."

A ofis fanka tana juyi tana ƙara kamar mai ciwon wuya. Injiniya na zaune a gefe, mutumin kamfanin da ke zuwa bisa babur duk bayan mako biyu don duba allunan. Yau bai yi barkwancin da ya saba ba, takalminsa kawai yake kallo.

"Zauna," in ji Hedimasta. "Jiya aka kira ni daga kamfani, wai suna taya mu murna. Ɗalibarmu ce ta zo ta ɗaya a makarantu goma sha biyu. Kwana goma sha biyar a jere, goma cikin goma. Suna so su zo su ɗauke ta hoto da kyautarta a hannu." Ya cire tabarau ya murza ido. "Malama, ko sau ɗaya ba ki iya faɗuwa ba?"

"Ranka ya daɗe, lissafin aji huɗu ne."

"Na kira mahaifinta, na roƙi takardar. Ya ce uwar ce za ta kawo da kanta, yau, lokacin tara. Kuma ta ce ke take son gani."

Injiniya ya yi gyaran murya. "Malama, don Allah in tambaye ki. Ba ki san saƙo yana tafiya ba?"

"Wane saƙo?"

"Duk yaron da ya gama aiki, saƙo yana shiga wayar iyayensa. Ni da kaina na shigar da lambobin a farkon zango. Ai na yi bayani a taron malamai."

Ta tuna taron. Ta tuna zafin ɗakin, da yadda take gyaran jarrabawa a kan cinyarta yayin da yake magana. Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Layi goma sha biyar, duk iri ɗaya: *Barka! 'Yarku ta kammala aikin yau. Ta sami goma cikin goma.* A gefen kowane layi akwai alamar cewa an buɗe an karanta.

Ta karanta su duka, tun daga sama har ƙasa, ko da yake babu bambanci tsakaninsu. Ta jira wani abu ya tsinke mata a ƙirji. Ba abin da ya tsinke. Abin da ta lura da shi kawai shi ne maɓallin rigar Injiniya na biyu yana shirin faɗuwa.

"In matar nan ta kai ƙara sama," in ji Hedimasta a hankali, "ni dai cewa na yi ki san dabara. Ban ce ki yi wannan ba. Kin gane ai."

"Na gane, ranka ya daɗe."

Ta koma aji ta koyar da rabawa. Bakinta ya yi aikinsa, hannunta ya yi nasa. Ta zagaya tsakanin bencina tana kallon ƙananan yatsu suna dangwalar gilashi, tana jin ƙarar da allunan ke yi idan an ci daidai da wadda suke yi idan an faɗi. Shekara tara tana koyarwa a wannan ɗakin. Ta yi tunanin wataƙila yau ce ta ƙarshe, sai tunanin ya wuce ta kamar labarin wata ƙasa a rediyon maƙwabta.

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fashe waje. Ba ta buɗe aljihun tebur ba. Ta zauna ta ɗora hannuwa a kan rajista.

Sallama ta zo daga ƙofa, a sanyaye. Maman Auta ce, doguwar mace mai ɗinki, har da guntun zare maƙale a gefen mayafinta. Ta rame. Tana riƙe da ambulan a hannu ɗaya, jaka a ɗayan.

Malama ta miƙe. Suka gaisa, ta sake yi mata gaisuwar rashi, ta ja mata kujerarta. Matar ba ta zauna a kai ba. Ta dubi ajin, ta dubi bango da zane-zanen yara, sannan ta ce, "Ina take zama?"

Malama ta nuna. Maman Auta ta lanƙwashe dogayen ƙafafunta ta zauna a bencin gaba, gwiwoyinta suna dukan katako.

"Ke ce kike yi mata aikin."

"Ni ce. Wallahi ban san saƙo yana zuwa miki ba. Ba hujja ba ce, na sani. An faɗa, ni ce ban saurara ba. Duk abin da kika ga ya dace ki yi, ki yi."

"Saƙon farko ya shigo, gida cike da mutane," in ji matar, idonta a kan bencin. "Na ɗauka wani ne ke yi mini gaisuwa. Da na karanta, jifa na yi da wayar, ta bugi ƙafar keken ɗinki. Kin ga inda ta tsage." Ta ciro wayar ta nuna. "Babanta ya ce zai zo ya ɗaga makarantar nan a kansa. Na ce ya bari. Washegari wani ya shigo. Rana ta uku ma haka. Daga nan sai na ga ƙarfe goma da rabi na yi, ƙafata na tsayawa da kanta a kan keke. Mai kaya na tsaye tana jiran rigarta, ni ina kallon waya."

Malama ta dubi tsagar da ke kan wayar.

"Kada ki ɗauka na zautu. Na san inda 'yata take. Babanta ya ce ai na'ura ce take maimaita tsohon saƙo. Na ce masa wane tsohon saƙo? Yaushe Auta ta taɓa cin goma?" Wani abu mai kama da dariya ya fito mata ta hanci. "Yarinyar da in na aike ta sayen maɓalli shida sai ta kawo huɗu da labari. Shida ce mafi yawan abin da ta taɓa samu, ranar kuwa ba mu sha ruwa ba a gidanmu. Na ce masa wannan hannun babba ne. Wani ne yake zaune yana yi."

"Ki yafe mini."

"Ba yafiya ta kawo ni ba, Malama. Abin da ya dame ni, saƙon yana zuwa, ina jira, in na buɗe sai in ga 'yar wasu. Kwana goma sha biyar ana aiko mini da 'yar wasu." Ta ajiye ambulan a kan benci ta dafe shi da tafin hannu. "Ga takardar. An ce da na bayar, shi ke nan, za a cire ta."

"Haka ne. Mai cirewar yana ofis."

"Na yau fa? Kin yi?"

"Ban yi ba."

"Ɗauko."

Malama ta ja aljihun tebur. Ta zo ta zauna kusa da ita a kan bencin, kafaɗa da kafaɗa, manyan mata biyu a wurin da aka yi don yara uku. Ta kunna allon. Tambaya ta farko ta bayyana: goma sha biyu a raba gida uku.

"Wannan za ta ci," in ji uwar. "Da yatsu za ta ƙirga, amma za ta ci."

Malama ta danna huɗu.

"Ashirin a raba gida biyar."

"Ta ci. Tana son biyar."

"Hamsin da shida a raba gida bakwai."

"Tab! Ina! Bakwai ai abokiyar gabarta ce. Sa tara."

Yatsan Malama ya tsaya a saman gilashin. Shekara tara ba ta taɓa zaɓar kuskure da gangan ba. Ta danna tara. Allon ya yi ƙararsa ta faɗuwa.

"A nan za ta ce allon ne bai iya ba," in ji Malama, ba tare da ta shirya faɗa ba. "Sai ta juya ta gaya wa na baya wai nata ya lalace."

"Haka take yi miki ke ma?"

"Kullum. Ta huɗun nan ba za ta ma karanta ba, hira take yi. Duk abin da yatsa ya faɗa a kai."

"To rufe ido ki danna."

Malama ta rufe ido ta danna. Ƙarar faɗuwa. Suka ci gaba a haka, uwa na faɗin abin da ta sani, malama na faɗin nata. Sau ɗaya suka yi gardama: uwar ta ce ba za ta iya ta takwas ba, Malama ta ce ta iya, ita ta koya mata a makon ƙarshe, ta ga lokacin da abin ya shiga kanta, har ta tashi tsaye tana rawa a kan benci.

"Ba ta gaya mini ba," in ji uwar.

"Ranar Laraba ce. Alhamis ba ta zo ba."

A waje yara na ihu a kan ƙwallo. Malama ta danna amsar daidai, sai ta ga lambobin sun narke a gabanta, ta goge gilashin da gefen hannu, bai gyaru ba. Sai da ta goge a karo na biyu ta gane ba gilashin ba ne.

Tambaya ta goma ta wuce. Allon ya nuna huɗu cikin goma.

Wayar da ke kan benci ta yi ƙugi. Maman Auta ta ɗauka, ta nisanta ta da ido kaɗan, ta karanta a fili, kalma bayan kalma: "'Yarku ta kammala aikin yau. Ta sami huɗu cikin goma. Tana bukatar ƙarin ƙoƙari. A taimaka mata a gida."

Ta daɗe tana kallon rubutun.

"Yawwa," ta ce. "Ja'ira."

Ta saka wayar a jaka, ta dafa benci ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi. Sannan ta ɗauki ambulan ɗin ta miƙa wa Malama da hannu biyu.

"Kai masa. Ni zan wuce, na bar ɗinkin mutane a kan keke."