Matar Mai Walda a Ƙofar Majalisa

Tana cikin cire zanen gado a hawa na biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce kowa ya bar abin da yake yi ya sauko, motoci sun iso. A bayan otal, inda ake shanya, ta tarar da Manaja yana raba kwalaye masu rubutu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yau majalisar jiha za ta yanke hukunci a kan ƙarin harajin baƙi, kuma in aka ninka abin da baƙo ke biya a kowane kwana, masu yawon buɗe ido za su karkata zuwa wata jihar, shi kuwa ba zai iya riƙe ma'aikata arba'in ba. Duk wanda bai shiga mota ba, in ji shi, ya nuna ke nan ba ya bukatar aikin.

Matar Mai Walda, kamar yadda kowa ke kiranta a otal ɗin, ta karɓi nata kwalin. Shekararta goma sha ɗaya tana gyaran ɗakuna a nan. Mijinta kuwa yana cikin masu walda a gadar jirgin ƙasa na cikin birni, aikin da aka ce shekara uku zai ɗauka, ya shiga ta shida, kuɗinsa ya zarce abin da aka ware nesa ba kusa ba, har aka tsayar da shi wata bakwai da suka wuce. Tun lokacin mijin nata yana gida. Da harajin nan ake so a ƙarasa aikin. Da safe ta gan shi ya ciro rigar aikinsa mai ruwan lemo yana kakkaɓewa. Ba ta tambaye shi inda za shi ba, shi ma bai tambaye ta komai ba.

A mota, mai wankin otal ta zungure ta, ta ce su dai gidansu sun more, ko wane ɓangare ya ci suna da riba. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Filin gaban majalisa ya cika maƙil. Akwai motocin da suka taho daga garuruwan bakin iyaka, ɗauke da masu dafa abinci da masu gadi da direbobin kwalekwale, mutanen da wataƙila har su mutu ba za su hau jirgin nan ba. A ɗaya gefen kuma riguna masu ruwan lemo ne birjik, ma'aikatan jirgi da nasu kwalayen. 'Yan sanda sun ja layi a tsakiya. Ta ɗaga kwalinta daidai fuska don kada mijinta ya hango ta, amma idonta na leƙawa ta ƙasan kwalin yana nemansa.

Manaja ya jawo hannun rigarta zuwa gaban wata 'yar jarida, ya ce ga tsohuwar ma'aikaciya, ita za ta faɗi halin da suke ciki. 'Yar jaridar ta tambaye ta me take so ta gaya wa 'yan majalisa.

"Ni dai ina da yara uku," ta ce. "Albashina muke ci. Ban san wanda ya ci kuɗin jirgi ba, amma na san ba ni ba ce."

Ba ta rufe baki ba wani dutse ya faɗo a kan rufin motar da ke kusa. Ba wanda ya ga daga inda ya fito. Na biyu ya biyo baya, sai ihu, sai ƙarar harbin barkonon tsohuwa. Hayaƙi ya turnuƙe. Ta yar da kwalin ta ruga, idonta na raɗaɗi kamar an watsa yaji, takalminta ɗaya ya fita ba ta tsaya ba. Jama'ar ɓangarorin biyu suka cakuɗe, kowa na neman hanya.

A bakin kwalbati ta yi tuntuɓe da mutum. Yana kwance ruf da ciki, sanye da riga mai ruwan lemo, jini na bin bayan kunnensa. Tsayin ɗaya ne da na mijinta, faɗin kafaɗar ɗaya. Ta durƙusa tana salati, ta kasa juya shi, sai da wani ya kusa taka kansa sannan ta kama kafaɗar ta birkito shi. Ba mijinta ba ne. Wani dattijo ne mai furfura da ba ta taɓa gani ba. Ta ji wani sanyi a ƙirji, nan take kuma kunyar sanyin ta kama ta. Ta kwance ƙyallen aikin da ke ƙugunta ta danne raunin, ta yi ta kiran a taimaka har muryarta ta dushe.

Mutum uku ne suka zo suka ɗaga dattijon, na ukun mijinta ne. Ya dube ta, ya dubi rigar otal da ke jikinta da ƙafarta ɗaya ba takalmi, ya ce kawai ta ci gaba da dannewa kada ta saki.

A asibiti aka yi wa dattijon ɗinki, likita ya ce zai tashi. Suna zaune a benci la'asar sakaliya aka sanar a talabijin ɗin da ke bango cewa dokar ta wuce, za a karɓi harajin a duk faɗin jihar na tsawon shekara talatin. Abokan aikin mijinta da ke wurin suka fara tafi, da suka tuna da ita sai hannuwansu suka yi sanyi. Wayarta ta yi ƙara. Mai wanki ce, tana cewa Manaja ya kira taron dukkan ma'aikata gobe ƙarfe takwas, kuma ya ce kowa ya zo da katinsa na aiki.

An rufe tituna, babu mota, sai suka taka. Mijinta ya cire takalmansa ya ba ta, ya bi ta da safa. Hanyarsu ta bi ta ƙarƙashin gadar da ba a gama ba, ginshiƙai jere, ƙarafa sun yi tsatsa a sama. Ya yi ƙoƙarin kada ya ɗaga kai, ya kasa. Ya nuna mata wani haɗi can sama, ya ce shi ya yi shi da hannunsa, kwana huɗu yana rataye a igiya. Ta daɗe tana kallo.

"Baban yara, in kun koma, wata nawa ya rage ku gama?"

"Sun ce goma sha takwas."

"Daga nan kuma fa?"

Ya sauke hannun da yake nuni da shi, suka ci gaba da tafiya.