Fangalin da Ba a Shuka Komai

Gugan farko da yake fitowa daga rijiya kowace safiya ba albasa ke shan sa ba, ba tumatir ba. Inusa yakan ɗauke shi ya wuce dukan shukokin garkarsu, ya je can kusurwar gabas, ya juye shi a wani fangali da babu ko tsiro ɗaya a cikinsa. Ƙasa ce zalla, an share ta tas, an tayar mata da gefe kamar sauran. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Idan ka tambaye su dalili sai su ce aikin gidan sarki ne, da shi kakanninsu suka fito daga Birnin Katsina sa'ad da tsofaffin sarakuna suka bar gari suka yo arewa. Iyakar bayanin ke nan, kuma mutanen Madarunfa sun daɗe da gajiya da tambaya.

Amma Gambo, wan Inusa, bai gaji ba. Gambo ɗan kasuwa ne a Ɗan Issa, mutum mai zama gaban malamai, mai kaifin harshe kamar sabuwar aska. Yana wurin ranar da ubansu ke jinyar ajali, ya ji da kunnensa tsohon ya kama hannun Inusa yana cewa kada fangalin nan ya bushe. Tun daga ranar Gambo ya yanke wa kansa hukunci cewa iskoki ake shayarwa. An kai tsohon makwancinsa, Gambo ya juya, bai sake taka maƙabarta ba, bai taɓa yi masa sadakar ko ƙwayar gero ba.

Shekarar da fari ya yi tsanani, tafkin Madarunfa ya ja baya har jakuna na tafiya inda dā masunta ke jefa taru. Rijiyar garka ta koma sai an jira ta. A wannan hali Gambo ya zo ya tarar da ƙanensa yana juye ruwa a kan ƙasa tsirara.

"Wa kake shayarwa?" in ji shi.

"Yaya, ka san abin da Baba ya ce."

"Na sani sarai. Shi ya tafi da nasa, kai ma kana so ka bi shi. Mutane na haƙa rafi da hannu don su sami na sha, kai kana ba aljanu."

Maganar ta yi wa Inusa ciwo. Yana ƙaunar ubansa, mutumin da bai taɓa ganin ya bar salla ba. Amma in ba iskoki ba, to wa? Tambayar ta hana shi sakat. Yana nome albasa tana cin sa, yana cin tuwo tana cin sa. Daga ƙarshe ya ce wa matarsa Ɗelu zai je ya gani da idonsa, tun da gidan sarkin nan ba a sama yake ba.

"Kai da ko Jibiya ba ka taɓa wucewa ba?" in ji Ɗelu. "To, in sun ce maka iskokin ne fa?"

"Sai in san iskokin ne."

Ya bar mata amanar gugan safe, ya hau bayan kamiyo, babbar motar da ta yi lodin fatu. A Ɗan Issa ya sunkuyar da kai don kada wansa ya hango shi, 'yan duwan masu binciken kaya a bakin iyaka suka leƙa suka toshe hanci suka ce a wuce.

Katsina ta ba shi mamaki ta inda bai zata ba. Tun yana yaro ake ba shi labarinta kamar garin da aka kulle aka tafi da mabuɗi, sai ga shi mutane na ta harkarsu, ana sayar da rake, ana zagin masu keke, babu wanda ya san an yi rashin gidan su Inusa. Ya tsaya ya ƙare wa hasumiyar Gobarau kallo har wuyansa ya gaji, sannan ya tambayi hanyar fada.

A ƙofar gidan sarki wani dogari ya tare shi.

"Malam, wa kake nema?"

"Lambun gidan nake so in gani. Kakanmu ya yi aiki a ciki."

"Yaushe ya bari?"

Inusa ya yi ɗan lissafi a zuci. "Ya ɗan jima. Tun lokacin jihadi."

Dogarin ya dube shi sama da ƙasa, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji, suka yi dariya har da riƙe ciki. Amma ba mugaye ba ne. Suka ce ta nan dai ba hanya, sai dai ya zagaya baya inda masu jakuna ke shigar da taki, ya nemi Baba Sa'idu mai lambu. Haka jikan ma'aikatan sarki ya koma gidan kakanninsa, yana bin bayan jaki da mangalar kashin awaki.

Yana shiga ya manta da abin da ya kawo shi. A shekarar da duniya ta ƙone, ga inuwa har tana sanyaya ƙeya. Lemo, gwaiba, dabino, da wani itace mai jajayen 'ya'ya masu ɗan hula a ka wanda bai taɓa gani ba. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya sansana. Ya bi hanyar ruwa da ido, ya ga yadda aka karkata ta daga fangali zuwa fangali, daidai yadda ubansa ya koya masa, har ɗan dutsen da ake toshe baki da shi.

"Kai kuma ɗan wane ne kake sansana mini ƙasa?"

Wani tsoho ne siriri, da fartanya a kafaɗa. Inusa ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi daga inda ya fito. Baba Sa'idu ya ce Madarunfa ai ya san ta a bakin masu kifi. Da ya ga baƙon ya san aiki sai ya saki jiki, ya zagaya da shi. Inusa bai bar komai ba. Mene ne wannan? Rumman. Ana cin sa da ɓawon? Wannan fa, me ya sa aka ɗaure masa tsumma a reshe? Tsohon yana amsawa yana ƙorafin ya sami mai tambayar tsiya, alhali ko makaho ya san daɗi yake ji.

Suna kaiwa kusurwar gabas Inusa ya tsaya cik. Ga shi nan. Fangali shararre, jiƙe sharkaf, babu ko tsiro ɗaya. Yanzu da ya zo ga amsar sai ya ji tsoronta.

"Baba," ya ce a hankali, "wannan na wane ne?"

"Na masu gidan ne. Zauna, rana ta ɗan ƙara ɗagawa za ka gan su."

Masu gidan! Inusa ya zauna a gindin lemo yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Can sai wani kuka ya tashi daga bayan katanga, mai kama da na kyanwar da aka taka. Tsigar jikinsa ta tashi. Sai ga wani tsuntsu ya diro, wuyansa shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, yana jan wutsiyar da ta fi tabarma tsawo. Wasu suka biyo shi. Suka ratsa tsakanin latas da albasa ba su ko kalle su ba, suka hau fangalin nan, suka tona da ƙafa, suka kwanta suna shafa ƙirji a sanyin ƙasar.

"Ɗawisu ke nan," in ji Baba Sa'idu. "In zafi ya taso sai sun sami damshi sun kwanta. In ba ka jiƙa musu nasu ba, a cikin yabanyarka za su yi, kafin azahar sun gama da kai. Shi ya sa gugan farko nasu ne. Haka na tarar, haka wanda ya koya mini ya tarar."

"Shi ke nan?"

"Me kake so bayan wannan?"

"Babu wani abin da ake faɗa idan ana zuba ruwan?"

"Bisimilla mana, kamar kowane aiki." Tsohon ya karkata kai. "Ku a can kuna yi ne?"

"Kullum. Tun da muka bar nan ba a taɓa fashi ba."

"Madalla. Ɗawisu nawa gare ku?"

Inusa ya sosa ƙeya. "Yau na fara ganin sa."

Baba Sa'idu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya dafa itace. Inusa ma ya yi, da kunya da komai, amma wani nauyi da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka, har hawaye suka zubo masa bai damu ya share ba. Ya zauna yana kallon tsuntsayen har suka gaji suka tashi.

A komowa ya sauka a Ɗan Issa. Ya tarar da Gambo a rumfarsa yana ɗaure buhun gishiri. Ya zauna a bakin benci ya ba shi labari tun daga jakin taki har kwanciyar tsuntsayen, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya shirya wa dariya, ya shirya wa gori, don ya san wansa ba ya barin irin wannan ta wuce.

Gambo bai yi dariya ba. Igiyar buhun na hannunsa, ya kasa ƙarasa ƙullin.

"Tsuntsu," ya ce.

"Tsuntsu, Yaya."

"Da idonka ka gani?"

"Da idona. In kana so in kai ka."

Wani mai saye ya zo ya yi sallama, ya sake yi, ya gaji ya wuce rumfar gaba. Gambo ya saki igiyar, ya shiga neman takalmansa a ƙarƙashin benci, ya daɗe yana nema alhali suna gabansa.

"Tashi mu je gida," ya ce. "Ka nuna mini kabarin Baba. Ban san ko wanne ne ba."